George Sand, marubuciyar ƙauyen Nohant

A tsakiyar ƙasar Faransa akwai wani yanki na manoma da makiyaya da ake kira Berry. A cikinsa akwai wani ƙaramin ƙauye mai suna Nohant, wajen kilomita 300 kudu da birnin Paris. Wata mace ce ta sa duniya ta san wannan ƙauye.

Sunanta na yanka Aurore Dupin. An haife ta a Paris a shekarar 1804. Tana da shekara 4 mahaifinta ya faɗo daga kan doki ya rasu, sai kakarta ta riƙe ta a Nohant. Gidan kakar na masu hali ne, amma Aurore tare da ƴaƴan manoma take wasa. Tana bin su kiwo, tana jin irin maganarsu. Da dare kuwa, idan an gama aikin gona, sai ta zauna ta saurari tatsuniyoyi da labaran aljannu daga bakin mutanen ƙauye.

An yi mata aure a 1822, ta haifi ƴaƴa 2. A 1831 ta koma Paris ta shiga aikin rubutu. A zamanin nan ba a cika ɗaukar rubutun mata da daraja ba, shi ya sa ta sa wa kanta sunan maza, watau George Sand. Da wannan suna littafinta Indiana ya fito a 1832.

Mutanen birni da yawa suna ganin ƙauyawa jahilai ne, suna yi wa maganarsu dariya. George Sand ba ta yarda da haka ba. Sai ta rubuta littattafai a kan manoman Berry.

A cikin La Mare au diable (1846), watau "Tabkin Shaiɗan", ta ba da labarin Germain, manomin da matarsa ta rasu ta bar masa ƴaƴa 3. Ya tafi neman auren wata mai dukiya, ya ɓata hanya cikin daji tare da ɗansa da Marie, wata yarinya matalauciya mai zuwa aikin kiwo. Da ya ga hankalinta da yadda take kula da yaron, ita ya aura. A ƙarshen littafin an bayyana al'adun bikin aure na Berry dalla-dalla.

François le Champi labarin yaro ne da aka yar. A bakin mutanen Berry, "champi" shi ne jaririn da aka tsinta a gona. La Petite Fadette (1849) kuwa labarin wata yarinya ce da ake tsangwama, ana ce mata mayya, alhali kuwa sanin magungunan itatuwa gare ta, ga kuma kirki.

Aikin da ta ɗauka yana da wuya. Idan ta yi rubutu da maganar ƙauye zalla, mutumin Paris ba zai gane ba. Idan ta yi da faransancin birni, manomi ba zai ji muryarsa ba. Sai ta nemi faransanci mai sauƙi, ta zuba masa kalmomin Berry. Ta haka kalmomi da al'adu da yawa suka tsira daga mantuwa.

Ta rasu a Nohant a 1876. Gidanta yana nan, baƙi suna zuwa ziyara.

Ku ma, yara, harshe biyu kuke koyo. Abin da kakanninku suke faɗa da dare ya isa a rubuta shi a littafi.

Tambayoyi
1. Wa ya riƙe Aurore, kuma a ina?
2. Don me ta ɗauki sunan maza?
3. Mene ne ma'anar "champi"?

Aiki
Ka roƙi wani tsoho ko wata tsohuwa su ba ka tatsuniya. Ka rubuta ta da hausa, sannan ka gaya wa abokinka ita da faransanci. Wace kalma ce ta ƙi fassaruwa?