Zaryar Mai Saye a Gidan da Aka Sa a Kasuwa

A biranen Arewa irin su Kano, Kaduna da Zariya, lokacin da ya fi wuya a cinikin gidan da mutane ke ciki shi ne tsakanin ranar da aka sallama wa mai saye da ranar da ya cika kuɗi aka damƙa masa makulli. A da wannan tazara ba ta da tsawo. Dillali ya kawo mai saye, a yi sallama a zaure, a tura yaro ya ce mata su kimtsa, a zagaya ɗakuna sau ɗaya, a fito a ƙulla ciniki a gaban shaidu da mai unguwa. Yanzu mai saye guda kan yi ta zarya: yau da magini, gobe da injiniya, jibi da uwargidansa da za ta duba kicin, wani lokaci da ƙaninsa riƙe da waya yana ɗaukar bidiyo don tura wa ainihin mai kuɗin da ke Saudiyya ko Ingila.

Babban abin da ya tsawaita tazarar shi ne takardu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ikon filayen jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce mai takardar mallaka ba zai mayar da haƙƙinsa ga wani ba sai da amincewar gwamnan. Don haka mai saye mai lura ba ya sakin kuɗinsa sai lauyansa ya binciki fayil a hukumar bayanan filaye, wato KANGIS idan a Kano ne, ko AGIS idan a Abuja ne. Binciken kan ci makonni. Mutumin da ya ba da kafin alƙalami yana jira, ga labaran gidan da aka sayar wa mutum biyu, ga na gidan gadon da wani magaji ya ɓullo daga baya ya ce bai sa hannu ba, da wuya ya iya zama wuri ɗaya. Rabin zuwan da yake yi ba don ganin bango ba ne, don ya tabbatar ba a kai wani bayansa ba ne, kuma ya ɗan ji ta bakin maƙwabta.

Tsadar gyara ta ƙara wa abin ƙarfi. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kayan gini sun yi tashin gwauron zabi, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Rufin da ke yoyo ko sokawen da ya cika, wanda a da ake kawar da kai a kansa, yanzu yana iya cinye ragowar kuɗin mai saye. Ga kuma gidajen da ake ginawa don sayarwa kawai, inda fenti mai sheƙi kan rufe tsagewar bango. Wanda ya ga gida da rani yana da hujja idan ya ce yana son ya dawo bayan ruwan Agusta ya ga inda danshi ke hawa da inda ruwa ke kwanciya a tsakar gida. Wannan buƙata ce ta gaskiya, kuma mai gidan da ya ƙi ta gaba ɗaya yana jawo wa kansa zargi.

Amma ba kowace zarya ce ta gaskiya ba. Akwai mai dawowa don ya tsinto aibi ya nemi ragi bayan an gama magana. Akwai kuma 'yan kayi-nayi, jerin dillalan da kowannensu ke son ya shiga da ƙafarsa don kada a manta da shi ranar rabon la'ada.

Nauyin duk wannan ba a kan masu ciniki yake sauka ba, a kan matan gida yake sauka. An tsara gidan Bahaushe ne don baƙo namiji ya tsaya a zaure, shi ya sa ake rubuta "ba a shiga" a ƙofa. Duk zuwan mai saye na nufin matar gida ta sauke tukunya daga wuta, ta kwashe shanya daga igiya, ta ja hijabi, ta tattara yara su cunkushe a ɗaki guda har baƙi su gama buɗe ƙofar makewayi suna aune-aune. Abin ya fi ciwo a gidan gado, inda magada ke gaggawar sayarwa alhali matar mamacin tana takaba, wata huɗu da kwana goma da aka so ta yi su a ɗakinta. Ba a cika tambayar ta ba kafin a sa rana, kuma wannan rashin adalci ne da ake iya kauce wa da ɗan jinkiri kaɗan.

Sai batun tsaro. A zamanin garkuwa da mutane, bidiyon da ke nuna ƙofar baya, ɗakin maigida da tsayin katanga ba ƙaramin abu ba ne, kuma da zarar ya shiga WhatsApp ko Facebook ya fita daga hannun wanda ya ɗauka. Gidan da unguwa ta ga ana ta shiga ana fita ba a saya ba kuma, nan da nan ake cewa ya yi kwantai, sai masu tayi su fara karya farashi.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Arewa ke aiki da shi, ya daɗe da tsara wannan tazara. Littafin Muhtasar na Halil ya ba mai sayen gida damar sharɗanta zaɓi na kimanin wata guda don ya bincika ya yi shawara, amma ya hana shi zama a gidan cikin wannan lokaci. Idan aibi mai girma da aka ɓoye ya bayyana bayan ciniki, yana da damar mayarwa. Aya ta 27 a Suratun Nur kuwa ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, kuma ba da kafin alƙalami bai ɗauke wannan hukunci ba. Ma'ana, an ba mai saye lokaci, ba a ba shi gidan ba tukuna.

Masu gidan da suka fi samun sauƙi su ne waɗanda suka yi maganar shiga tun ranar da aka rubuta takardar kafin alƙalami. A rubuta sau nawa za a shiga, a haɗa magini da injiniya da mai duba wayar wuta a rana ɗaya, a sanar kwana ɗaya kafin zuwa, a zaɓi hantsi lokacin da yara ke makaranta, kuma maigida ko wakilinsa ya kasance a wurin. Idan matar mai saye ce ke son gani, ita kaɗai ta shiga wajen 'yan'uwanta mata. Hoto kuma a taƙaita shi ga wurin da ake zargin lalacewa. Idan akwai 'yan haya, su ma sai an nemi yardarsu, domin hayarsu ba ta ƙare don an sa gidan a kasuwa ba.

Inda aka fi yin asara shi ne makulli. Mai saye kan roƙa a ba shi don ya fara fenti ko ya ajiye kaya kafin ya cika kuɗi, kunya kuma ta hana mai gida cewa a'a, musamman idan wani babba ne ya sa baki. Da ya shiga ya fasa bango ya sauya tayil, idan cinikin ya rushe sai rigima ta koma kan kuɗin gyaran da ya kashe da ɓarnar da ya yi, mai gida ya wayi gari yana neman kotu ta fitar masa da mutumin da bai gama biyan sa ba. Shi ya sa lauyoyi da dillalan da suka daɗe a sana'ar ke riƙe makulli har sai an ga shigar ragowar kuɗi a asusun banki an sa hannu a takardar ciniki a gaban shaidu.