3.2 Frans Post da Zanen Shimfiɗar Ƙasar Birazil

A wannan sashe za a dubi ayyukan Frans Post (1612-1680), mutumin garin Haarlem ta ƙasar Holan. Shi dai wannan mai zane ya isa Birazil ne a shekarar 1637 cikin ayarin Johan Maurits, gwamnan da Kamfanin Holan na Yammacin Indiya ya naɗa don ya mulki yankin Pernambuco, wato yankin noman rake da suka ƙwace daga hannun Turawan Fotugal. Ya zauna a can har 1644.

Za a iya raba zane-zanensa gida biyu. Waɗanda ya yi a Birazil, guda bakwai ne kawai suka rage, huɗu daga ciki suna gidan tarihi na Louvre saboda kyautar da Maurits ya yi wa Sarkin Faransa Louis na 14 a 1679. A cikinsu sararin sama ya cinye fiye da rabin allon, ƙasa kuwa shimfiɗe take, babu ado. Waɗanda ya yi bayan komawarsa gida sun sha bamban. Holan ta rasa Birazil a 1654, amma Post ya ci gaba da zana ta don masu saye, yana cusa ciyayi masu duhu da dabbobi a gaban hoton. Alal misali, a zanen garin Olinda na 1662 akwai biri da ƙadangare da abarba a jere, abin da da wuya ido ya gan su wuri guda.

Abin da ya fi jan hankalin wannan bincike shi ne yadda ya nuna bayi 'yan Afirka. Suna nan a yawancin hotunan, amma ƙanana ƙwarai, cikin fararen tufafi, wasu ɗauke da kwando, wasu suna hira a bakin hanya. Ko a wurin matsar rake, inda ake kwana ana tafasa ruwan rake a kan wuta, ba a ganin bulala ko gajiya. Alhali kuwa Maurits ɗin nan ne ya tura jiragen yaƙin da suka kama gidan bayi na Elmina, a ƙasar Gana ta yau, a 1637, da kuma Luanda a 1641, domin samar wa gonakin raken ma'aikata.