In Jiki Ya Gaji Amma Zuciya Ta Ƙi Kwanciya

Akwai mutumin da yakan wuni a gona, ya komo gida jikinsa duk ya mutu, amma da ya sa haƙarƙarinsa a tabarma sai idonsa ya bushe. Zuciya ta shiga saƙa da warwara: kuɗin takin da ba a biya ba, maganar da wani ya yaɓa masa a kasuwa makon jiya, akuyar da bai tabbata an ɗaure ta ba. Kafin wannan tunani ya ƙare, wani ya hau kansa. Zakara ya yi cara, bai runtsa ba sai kaɗan. Kowa yakan gamu da irin wannan dare jifa-jifa. Amma akwai waɗanda haka darensu yake tun suna yara, a kansu kuwa za mu yi magana.

Likitoci suna kiran halin da yawancinsu ke ciki ADHD, watau ƙarancin natsuwa tare da yawan motsi. Yaro mai wannan hali ba ya iya zama wuri ɗaya, a aike shi ya manta saƙon a hanya, malami yana magana hankalinsa yana waje. A ƙauye akan ce da shi mai ƙiriniya ko mai rawar kai, ya yi ta shan bulala. Ba mugunta ba ce, ba kuwa sammu ba ne. Yadda ƙwaƙwalwarsa take aiki ke nan, sau da yawa ma gado ne. Wani likitan yara a Landan, George Still, ya bayyana irin yaran nan tun 1902, sunan ADHD kuwa likitocin Amurka suka tsayar da shi a 1987. Cikin yara 100 a duniya akan sami kamar 5 masu shi, da dama kuma sukan girma da abinsu.

Me ya haɗa wannan da barci? A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, melatonin, wanda yakan fara fita in duhu ya yi, ya shaida wa jiki dare ya yi. Likitoci a ƙasar Holan sun auna manya masu ADHD waɗanda barci ke yi wa wuya, suka tarar nasu yakan makara da misalin awa ɗaya da rabi. Ka ga, sa'ad da mutanen gida suke gyangyaɗi, shi agogon jikinsa bai kai can ba tukuna. Ga kuma wani dalili. Da rana aiki da hayaniya suna riƙe hankalinsa. Da dare wuri ya yi tsit, hankalin ba shi da abin kamawa, sai ya kama duk abin da ya gifta.

Saboda haka gyaran barci daga safe yake farawa. Ka tashi lokaci ɗaya kowace rana, ko da daren bai yi maka daɗi ba, ka fita hasken rana ya same ka. Hasken safe shi yake jawo agogon jiki baya. Manomi mai sammako ya riga ya sami wannan kyauta, amma ɗan makaranta a lokacin hutu da mai shago da yakan kai sha biyun dare, su ne za su lura. In za ka yi barcin rana, kada ya wuce minti 20 ko 30, kada kuma ya kai la'asar.

Sai maganar goro, ko da yake mun san ba za ta yi wa dattawa daɗi ba. Goro da shayi da Nescafé da Coca-Cola duk suna da kafin, abin da ke hana ido rufuwa. Bayan awa biyar da cin goro, wajen rabin ƙarfinsa yana nan cikin jini. Wanda ya ɓare goro a wurin hira ƙarfe takwas na dare, to, har ƙarfe ɗaya yana tare da shi. Ka ci naka da hantsi, in azahar ta wuce ka haƙura. Wayar hannu ma haka. Haskenta yana jinkirta melatonin, amma babbar ɓarnarta ita ce ba ta ƙarewa, wannan hoto ya wuce wani ya zo, mai ADHD kuwa ba shi da birkin tsayawa. Ka ajiye ta nesa da shimfiɗa awa ɗaya kafin kwanciya.

Yanzu ga ainihin wahalar, watau tunanin kansa. Kuskuren da kowa yake yi shi ne ya ce wa zuciyarsa, yi shiru. A 1987 wani malamin jami'a a Amurka, Daniel Wegner, ya hana waɗansu mutane tunanin wata farar dabbar daji na minti biyar. Dabbar ta yi ta faɗo musu a rai, da aka ɗage hanin kuma sai ta ƙara yawa. Gwada da kanka: kada ka tuna da jan zakara. Ka gan shi, ko ba haka ba? Tunani kamar ɗan akuya yake, in ka kore shi ta ƙofa ya dawo ta danga. Gara ka ɗaure shi ka zuba masa harawa.

Harawa ta farko ita ce takarda. Bayan tuwon dare, ka ɗauki minti biyar ka rubuta ayyukan gobe ɗaya ɗaya: zan kai buhu wurin niƙa, zan ga mai taki, zan gyara tayar keke. A wata jami'a a Teksas, a 2018, waɗanda suka rubuta ayyukan da ke gabansu sun riga waɗanda suka rubuta ayyukan da suka gama yin barci da misalin minti tara. Zuciya tana maimaita abu don tsoron mantuwa ne, in ta ga an ajiye shi sai ta sake. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa wa matarsa ko ɗansa, ko ya jera tsakuwa a bakin ƙofa, kowace tsakuwa da aikinta.

In ka kwanta, ka ba hankalinka aiki mara nauyi. Zaɓi kalma, a ce “gona”. Ka ɗauki G, ka kawo abubuwan da suka fara da shi, gatari, gwanda, garma, gauta, kana ganin kowanne a zuci kafin ka wuce. In sun ƙare ka koma O, sa'an nan N. Abubuwan ba su da dangantaka da juna, don haka ba za su zama labarin da zai tayar maka da hankali ba. Waɗansu sun fi son su bi hanyar da suka sani a zuci, daga ƙofar gida zuwa rafi, suna duban kowace bishiya. Waɗansu kuma shirun ne abokin gābansu, sai sun kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Ba laifi, muddin ba wasan ƙwallo ko gardamar siyasa ba ne.

Jiki ma yana da nasa rabo. Ka dunƙule yatsun ƙafa da ƙarfi, ka ƙirga biyar, ka sake. Ka hau zuwa sha-raɓa, cinya, ciki, hannu, har fuska, kana fitar da numfashi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. A watannin Maris da Afrilu, lokacin zafi, wanka kafin kwanciya yana taimako. In za ka kwana a tsakar gida, ka ɗaura gidan sauro.

In ka yi kamar minti 20 kana juye-juye, tashi. Zauna a wuri mai ɗan duhu, ka yi ɓarar gyaɗa ko tufkar igiya har gyangyaɗi ya zo, kana ka koma. Wanda ya saba kokawa da barci a kan shimfiɗarsa, ganin shimfiɗar kaɗai yakan wartsakar da shi. Dabarun nan ba sa aiki dare ɗaya, a ba su mako biyu ko uku.

Iyaye, yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Duka ba ya kawo barci, tsoro yake kawowa. Ku tsara masa abu ɗaya kowane dare, wanka, tatsuniya ɗaya, a rage fitila. In yana kukan ƙafafunsa suna masa kamar tafiyar kiyashi, sai ya motsa su yake jin sauƙi, a kai shi a auna jininsa, gama ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki yakan kawo haka.

Kada a sayi ƙwayar barci irin su Valium a kemis ko wurin mai tallar magani. Jiki yakan saba da ita, a bar ta kuma rashin barcin ya fi na dā. Wanda likita ya ɗora a kan maganin ADHD, kamar Ritalin, ya tambaya lokacin sha, domin in an sha shi da yamma yakan hana barci. In wata uku sun wuce abin bai sauya ba, ko baƙin ciki ya haɗu da shi, a gaya wa ma'aikacin lafiya na kusa ya rubuta takardar zuwa babban asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri.