Rajistar Zaɓe: Abin Da Ya Kamata Mutumin Boyekai Ya Sani

A watan Maris na 2019, bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna, aka bayyana Aminu Waziri Tambuwal a matsayin wanda ya lashe kujerar gwamnan Jihar Sakkwato da ƙuri'a 512,002. Ahmad Aliyu da ya zo na biyu yana da 511,660. Tazarar da ke tsakaninsu 342 ce kacal. Rumfar zaɓe guda a ƙauye tana iya ɗauke da sunayen da suka fi haka yawa. Don haka duk Basakkwacen da ya ce ƙuri'arsa ba ta ƙara komai ba ta rage komai, ko dai ya manta da waccan shekarar, ko kuwa hujjar zama gida yake nema.

Sai dai ba ranar zaɓe ake samun ƙuri'a ba. Wanda sunansa ba ya cikin kundin masu zaɓe, ko da asuba ya iso rumfa, ɗan kallo ne. Shiga kundin nan kuwa yana da lokaci, yana da sharuɗɗa, kuma ana rufe ƙofarsa tun ganga ba ta ɗauki zafi ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce a dakatar da rajista aƙalla kwana 90 kafin zaɓe, a aikace ma hukumar zaɓe ta INEC takan rufe tun kafin haka. Zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, tun 31 ga Yulin 2022 aka rufe rajistarsa, lokacin da manomi a Boyekai ta Goronyo ko Wurno ba ya da abin da ke gabansa sai gona. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, wa ya cancanta? Tsarin mulkin 1999 ya faɗi tushen abin a sarari: ɗan Nijeriya, wanda ya kai shekara 18, wanda kuma yake zaune a cikin ƙasar lokacin rajista. Dokar zaɓe ta ƙara da cewa ya kasance mazaunin yankin da zai yi rajistar ne, ko a nan yake aiki, ko nan ne asalinsa. Ya kawo kansa da kansa gaban jami'in rajista. Kuma babu wata doka da ta haramta masa zaɓe. Babu maganar ilimin boko a ciki, babu maganar takardar haraji, babu katin jam'iyya. Makaho da kurma da gurgu duk sun cancanta, a wurin rajistar ma akan rubuta irin lalurar mutum domin a san tanadin da za a yi masa a rumfa.

Batun zama ɗan ƙasa yana da ɗan sarƙaƙiya a gabashin Sakkwato, domin Gada da Illela da Sabon Birni duk bakin iyaka suke, auratayya da mutanen Ƙonni da Madawa da Maraɗi kuwa ta girmi iyakar kanta. Yaron da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan Nijeriya ne, ko da a Nijar aka haife shi. Amma matar da aka auro daga can, aure kaɗai ba ya mayar da ita 'yar ƙasa. Tsarin mulki ya ba ta hanyar nema, sai ta bi ta an amince mata sannan za ta iya rajistar zaɓe. Haka nan ɗan Nijar da ya shekara ashirin yana sayen albasa a kasuwar Goronyo: ɗan'uwa ne, maƙwabci ne, amma kundin nan ba nasa ba ne.

Shekaru ma abin a tsaya a kai ne. Mutane da yawa a karkara ba a yi musu takardar haihuwa ba, sai dai a ce an haifi wane shekarar babbar ambaliya ko shekarar da aka naɗa wane sarauta. Dokar 2022 ta ambaci takardar haihuwa, fasfo, katin shaidar ɗan ƙasa, lasisin tuƙi, ko wata takarda da za ta tabbatar da ko wane ne mutum da shekarunsa da ƙasarsa. Majalisa takan yi wa dokar zaɓe gyare-gyare, don haka abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne mutum ya riƙe lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ko takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya. Amma tura yaro ɗan shekara goma sha huɗu layi a ce ya ƙara wa kansa shekaru, wannan laifi ne, kuma koya wa yaro ƙarya ne a ranar farko da ya tsaya gaban hukuma.

Akwai wani wuri a cikin dokar da na ga mutanenmu ba su cika lura da shi ba, alhali su ya fi shafa. Doka ta ba mutum zaɓi uku: inda yake zaune, inda yake aiki, ko garinsu na asali. Amma wuri ɗaya tak zai ɗauka, kuma a rumfar da sunansa ya faɗa kaɗai zai kaɗa ƙuri'a. Manyan zaɓukan ƙasar nan da rani suke zuwa: na 2019 da na 2023 duk a Fabrairu da Maris aka yi su. Lokacin kuwa samarin Rabah da Goronyo da Wurno, in ban da masu noman rani a bakin madatsar ruwa da fadamun Rima, da yawansu sun bazu cin rani, wani yana Legas, wani Ibadan, wani Fatakwal, wani Abuja. Ranar zaɓe akan hana zirga-zirgar ababen hawa. Saurayin da ya yi rajista a Boyekai amma Fabrairu ta riske shi a kasuwar Mile 12 ta Legas, katinsa na aljihu, amma ba shi da ƙuri'a a wannan rana.

Saboda haka kafin mutum ya ba jami'i adireshi, ya tambayi kansa: ina nake kasancewa a irin wannan lokaci? Kowane zaɓi da abin da yake ci. Wanda ya yi rajista a Legas zai zaɓi shugaban ƙasa, amma gwamna da sanata da ɗan majalisar da zai zaɓa na Legas ne. Ba shi da ta cewa kan sanatan Sakkwato ta Gabas, wanda ke wakiltar Gada, Goronyo, Gwadabawa, Illela, Isa, Rabah, Sabon Birni da Wurno, haka nan kan ɗan majalisar wakilai na Goronyo da Gada ko na Wurno da Rabah. Hatta zaɓen shugaban ƙaramar hukuma da kansila, wanda hukumar zaɓe ta jiha ke gudanarwa, da kundin INEC ake yin sa. A ganina, wanda iyalinsa da gonarsa da rijiyar da 'ya'yansa ke sha duk a gida suke, gara ya yi rajista a gida, ya kuma sa kuɗin motar dawowa cikin lissafin cin raninsa. Wanda kuma ya tare can da iyali, ya daina yaudarar kansa cewa zai dawo, ya mayar da rajistarsa inda yake.

Nan ne kuskuren da ya fi kowane yawa yake aukuwa. Mutum ya sauya gari, ko katinsa ya ɓata, ko ruwa ya ci shi, sai ya je ya shiga layin sababbi ya sake rajista daga farko. Wannan rajista biyu ke nan. Tun daga aikin da aka yi a farkon 2011, zamanin shugabancin Farfesa Attahiru Jega, ake ɗaukar zanen yatsu da hoton fuska, kuma wanda ya yi rajista daga wannan shekara zuwa yau sunansa na nan, katin ba ya tsufa. Hukumar tana da manhajar da ke gwada yatsu da fuskokin sababbi da na tsofaffi. A rajistar da aka yi daga Yunin 2021 zuwa Yulin 2022, mutum 12,298,944 ne suka kammala, amma aka soke 2,780,756, sama da kashi 22 cikin ɗari, galibinsu saboda maimaici. Mutum ya yini a rana, ya biya kuɗin babur zuwa da dawowa, ya zauna jiran sabon katin da ba za a taɓa bugawa ba. Ga kuma hukunci: dokar 2022 ta yanka wa mai rajista biyu tarar da za ta iya kai naira 100,000, ko ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko duka biyun.

Abin da ya dace shi ne a faɗa wa jami'i gaskiyar buƙata. Wanda ya ƙaura, sauyin rumfa zai nema. Wanda katinsa ya ɓata ko ya lalace, a sake buga masa zai nema. Wanda aka yi kuskure a sunansa ko ranar haihuwarsa, gyara zai nema. Duk a ofishi ɗaya ake yi.

Wannan magana ta fi nauyi ga waɗanda 'yan bindiga suka raba da gidajensu. Tun harin Tabanni a gundumar Gandi ta Rabah cikin Yulin 2018, da na kasuwar Goronyo cikin Oktoban 2021, da wasu da dama da ba su shiga jarida ba, ƙauyuka sun watse, mutane sun koma Gandi da Goronyo da Wurno da cikin birnin Sakkwato. Wanda ya gudu da daddare da yara a hannu ba ta katin zaɓe yake yi ba. Amma sunansa bai goge daga kundi ba don ƙauyensu ya zama kufai. Yana iya neman a sake masa kati, a kuma mayar da shi rumfar da ke kusa da inda ya sami mafaka. Irin waɗannan mutane ne suka fi kowa buƙatar wakilin da zai ji tsoron ƙuri'arsu, kuma su ne suka fi saurin faɗuwa daga lissafi.

Yadda ake rajistar ba shi da wuya. Kowace ƙaramar hukuma tana da ofishin INEC a hedkwatarta, mutumin Boyekai nasa na Goronyo. Da hukumar ta sake buɗe rajista a Agustan 2025, ta fara da ta intanet ranar 18 ga wata, ta ido da ido kuma ranar 25, Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe 9 na safe zuwa 3 na yamma. Wani lokaci akan zagaya da na'urorin zuwa mazaɓu, wannan kuwa uban ƙasa da limamai da masu unguwanni ya kamata su riƙa shelantawa, domin hanyar hedkwata ba kullum take biyuwa ba. A wurin za a tambayi suna, ranar haihuwa, adireshi, sana'a da lambar waya, a ɗauki hoto da yatsu, a ba mutum 'yar takardar shaida. Kafin ka tashi daga kujerar, sa a karanta maka abin da aka rubuta. Kyauta ake yi, babu ko sisi. Wanda ya cike bayanansa a waya ko a shagon kwamfuta ya sani rabin aiki ya yi. In bai je an ɗauki yatsunsa da fuskarsa ba, bai yi rajista ba.

'Yar takardar nan kuma ba ita ce katin ba. Katin dindindin daga baya yake fitowa, kuma ba a aike, mai shi ne zai je ya karɓa. Kafin zaɓen 2023 mutum 93,469,008 ne ke cikin kundi a faɗin ƙasa, 2,172,056 daga cikinsu a Jihar Sakkwato, amma sama da kati miliyan 6 suka kwana a ofisoshin hukumar babu wanda ya zo ɗauka. Akwai kuma mako guda da ake liƙa sunaye a mazaɓu don kowa ya duba. Nan ne ake gyara kuskure, nan ne kuma ake nuna sunan mamaci ko na yaro ko na baƙon da ba a san shi ba a cire. Mutanen ƙauye sun san wanda ya rasu da wanda ke raye fiye da kowace na'ura, amma ba kasafai suke leƙa bangon ba.

Game da masu zuwa sayen kati ko karɓar lambarsa da sunan za a kawo taki ko tallafi, a yi hattara. Na'urar BVAS tana tantance mai zaɓe da yatsa, in yatsan ya ƙi, kamar yadda yakan faru ga wanda fartanya ta cinye wa hannu, sai ta duba fuska. Wani ba zai iya zaɓe da katinka ba. Abin da mai sayen yake biya shi ne zamanka a gida. Saye da sayarwar duk laifi ne, tararsa a dokar 2022 tana kai naira 500,000 ko ɗaurin shekara biyu.

Sai mata. A zaɓen 1959, wanda jam'iyyar Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ta yi rinjaye a cikinsa, maza kaɗai suka kaɗa ƙuri'a a Arewa. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da wulaƙanci kan neman 'yancin mata, sai a 1976 matan Arewa suka sami damar zaɓe. Yau babu doka da ta hana su, abin da ke hana su shi ne nisa da kuɗin mota da rashin wanda zai raka. Maigida ba zai iya yi wa matarsa rajista ba, ba zai iya karɓo mata kati ba, dole ita ce za ta je.

Don haka, maigida, ka zauna ka ƙirga mutanen gidanka. Wa ya cika shekara 18 tun bayan rajistar da ta wuce? Wace amarya aka kawo daga wata mazaɓa da ke buƙatar sauyin rumfa? Katin wa ya ɓata, na wa kuma ke kwance a ofis ba a karɓo ba? Ka ware rana guda cikin ranakun aiki, ka haɗa su da takardunsu, ku tafi tare tun ba a rufe ba.