Ko Kun Sani? Annabin da Ya Kwana Uku

Kiristocin farko sun sha fama da baƙi masu yawo gari-gari da sunan manzanci ko annabci, har sai da aka kafa musu ƙa'ida. Littafin Didake, da aka rubuta da Girkanci wajen ƙarshen ƙarni na 1, ya ce a sauki irin wannan baƙo kwana ɗaya, in ta kama biyu. Ya kai uku? Annabin ƙarya ne. In zai tafi, gurasa kawai za a ba shi guzuri. Da ya roƙi kuɗi, asirinsa ya tonu. Amma annabin gaskiya da ya zauna a gari, shi ake kai wa nunan fari na hatsi da dabbobi. Littafin ya ɓace shekaru aru-aru, sai a 1873 wani malamin coci, Bryennios, ya gano kwafinsa a Istanbul.