Mai koyar da kiɗa da zuciyar yaronsa

Wata yamma a wani zaure a Gusau na zauna ina kallon wani dattijon makaɗin kalangu yana koya wa yaro ɗan shekara 12 kiɗa. Yaron ya rataya kalangu, ya maƙale shi a hammata, yana matsa tsirkiyoyin don muryar ta hau, amma hannunsa na riga kunnensa. Sau huɗu yana tuntuɓe a wuri guda. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya karɓi kalangun, ya buga wurin sannu-sannu, ya miƙa masa ya ce, "Sake, ɗana, ka saurari abin da kake bugawa." Da yaron ya dace, bai kira shi gwani ba. Cewa ya yi, "Ka ji inda ka sassauta hammata? To, nan ne."

Wannan 'yar magana ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai, domin masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarinta. A shekarar 1998 Carol Dweck da Claudia Mueller suka yi gwaji da 'yan firamare a Amurka. Yaran da aka yaba wa basira sai suka riƙa gudun aiki mai wuya, kuma da suka faɗi sau ɗaya gwiwarsu ta yi sanyi. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari kuwa suka ci gaba da fafatawa. Yaron da aka ce masa gwani yana tsoron ranar da sunan zai kuɓuce masa. Wanda aka nuna masa ainihin abin da ya yi daidai yana da abin riƙewa gobe. Dattijon bai taɓa jin sunan Dweck ba, amma shekarun da ya yi yana renon yaran kiɗa sun kai shi inda ta kai.

Tsarin sana'ar ma haka yake tun asali. Ba a fara ba yaro babban kalangu. Yakan yi ta bin maigidansa wajen biki yana ɗaukar kaya, yana amshi, sannan a ba shi kuntuku ya riƙe bugu ɗaya da ba ya sauyawa. Kunne ke ƙoshi kafin hannu ya motsa. A kan wannan fahimta Shinichi Suzuki, malamin goge irin na Turawa a Japan, ya gina makarantarsa a Matsumoto bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya lura cewa kowane yaro yana iya harshen uwarsa ta hanyar ji da maimaitawa, cikin mutanen da ke murna da kowace sabuwar kalma, sai ya ce kiɗa ma haka za a koyar da shi.

Inda aikin ya fi wuya shi ne ranar farko a gaban taro. Yaron da ya iya a zaure sai gabansa ya faɗi, tafin hannu ya jiƙe, bugun ya yi ta gudu. Tsoro kaɗan yana farkar da mutum, amma idan ya yi yawa yana ɗaure yatsu. Malami mai lura yakan saba wa yaro da idon jama'a a hankali: yau gaban 'yan gida, gobe ƙaramin suna a unguwa, yana tsaye kusa da maigida inda kuskure zai ɓace cikin sauran ganguna.

Na san akwai masu koyarwa da tsawa da ranƙwashi, suna cewa haka aka yi musu. Ina roƙonsu su ƙirga yaran da suka ajiye kalangu suka bar zauren ba su dawo ba.