Mai Gadin Bayanin Gyara a Git

Manhajar da ke cikin wayarka, ta banki ce ko ta aika saƙo, ba a rana ɗaya aka rubuta ta ba. Gyara ne a kan gyara, har dubbai, daga hannun mutanen da wasunsu ba su taɓa haɗuwa ba. Abin da ke riƙe wannan tarihi a mafi yawan ayyuka shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a watan Afrilun 2005 saboda aikin Linux, bayan an samu saɓani da kamfanin da ya mallaki BitKeeper, manhajar da masu aikin Linux suke amfani da ita kafin nan. A Git, duk lokacin da mai haɗa manhaja ya adana gyaran da ya yi, wato ya yi komit, sai ya rubuta ɗan bayani a kansa.

Wannan bayani shi ake raina wa, kuma shi ake nema ranar da abu ya ɓaci. Mutum ya gaji, dare ya yi, sai ya rubuta "gyara" ko "yanzu ya yi" ya wuce. Bayan wata shida manhaja ta tsaya cak, wani ya bi sawu da umarnin git blame har ya kai ga layin da ya jawo matsalar, ya buɗe bayanin don ya ji me ya sa aka taɓa wurin, sai ya tarar da kalma ɗaya. Kod yana nuna abin da aka canza. Dalilin canjin kuwa, in ba a rubuta shi ba, ya tafi da mai shi.

Git ya tanadi hanyar tare wannan tun daga bakin ƙofa. A cikin kowane rumbun aiki akwai babban fayil mai suna .git/hooks, inda ake ajiye ƙananan umarni da Git ke tayarwa da kansa idan an zo wasu matakai. Su ake kira huk. Wanda ya shafi batunmu sunansa commit-msg. Da zarar ka gama rubuta bayani, Git zai miƙa masa fayil ɗin da bayanin ke ciki, ya karanta, ya auna shi da ƙa'idar da aka ba shi. In ya dawo da sifili, komit ya wuce. In ya dawo da wata lamba dabam, an dakatar da shi sai an gyara. Aikinsa aikin mai gadi ne, kuma layi goma na umarni sun isa a rubuta shi.

Me yake dubawa? Tsohuwar al'ada ita ce layin farko kada ya wuce haruffa 50, a bar layi guda babu komai, sannan cikakken bayani ya biyo. Wasu na bin tsarin Conventional Commits, wanda ya samo asali daga al'adar aikin Angular, inda ake fara bayani da feat idan sabon abu aka ƙara, ko fix idan kuskure aka gyara. Amfanin hakan ya wuce kyan gani, domin daga waɗannan kalmomi na'ura ke haɗa jerin canje-canje, har ta fitar da lambar sabon bugu. Gerrit, manhajar bitar kod, ita ma da wannan huk take liƙa wa kowane komit lambar shaidarsa ta Change-Id.

Sai dai akwai gibi biyu da duk shugaban tawaga ya kamata ya sani. Na farko, idan abokin aiki ya kwafi rumbun zuwa kwamfutarsa, huk ba ya bin sa. Shi ya sa ake amfani da core.hooksPath, wanda ya zo a Git 2.9 a 2016, ko kayan aiki irin su Husky da commitlint, don ƙa'idar ta zauna cikin aikin kansa. Na biyu, duk wanda ya ƙara --no-verify a umarninsa ya tsallake binciken. Don haka tantancewa ta gaskiya sai a uwar garke, ta hanyar huk ɗin pre-receive, ko binciken da ke gudana kafin a haɗe gyara da babban reshe.

A ganina kuskuren da ya fi yawa shi ne cika ƙa'idoji. Idan huk yana korar mutum saboda ɗigo ko babban baƙi, kuma bai gaya masa laifinsa ba, abin da zai koya shi ne hanyar tsallakewa. Kuma "fix: gyara" ya cika kowane sharaɗi na tsari, amma bai faɗi komai ba. Na'ura siffa take iya aunawa, ma'ana sai mai bitar aiki ya karanta ya tambaya.

In kana jagorantar tawaga, ko ta mutum uku ce, ka sa huk ɗin tun farkon aiki. Ka taƙaita ƙa'idojin zuwa biyu ko uku, ka sa saƙon ƙin karɓa ya nuna misalin bayani mai kyau, sannan kada ka amince da gyaran da bai faɗi dalilinsa ba.